Kwalba ta Huɗu

Wata uku ke nan Dakta da Dogo, ƙanin mijinta, suna aiki ɗaya a ɗakin gwaji. Bakteriya ke samar musu da wani sinadari, inzayim, su tace shi, su zuba wa ƙwayoyin jikin ɓera da suke reno a faranti. In ya shige su, sai su yi kore a ƙarƙashin maikuroskop.

Na Dogo kullum kore shar. Nata kuwa ba sa kwana biyu sun mace, sun taso saman ruwa.

"Hannu ne, matar yaya," in ji shi. "Naki na girki ne."

Ta yi yaƙe kawai. Ta riga ta lura duk ranar tacewa yana riga kowa zuwa, ya turo ƙofa, littafin aikinsa kuma ba ya barin aljihunsa. Anya ba kala yake ɗiga musu ba? Mijinta ba ta ko tayar masa da zancen ba.

Ran Talata ta faki idonsa ta buɗe firji, ta zubar da inzayim ɗin da ke kwalbarsa ta huɗu, ta cika ta da ruwan gishiri. In ƙwayoyin da ya zuba wa wannan ma suka yi kore, asirinsa ya tonu.

Ran Alhamis ya same ta a teburinta, fuska ba walwala.

"Faranti na huɗu bai kama ba. Wa ya taɓa min firji?"

"Ni ce. Ruwan gishiri ne."

Ya kalle ta. "Watau maƙaryaci kika ɗauke ni."

"To me kake yi in ka rufe ƙofa?"

Ya ja kujera ya zauna. Ashe bakteriyar na barin dafi a cikin inzayim ɗin, shi ke kashe ƙwayoyin. Tun watan farko ya gano, yake ƙara tacewa sau biyu.

"Kana kallo nawa suna mutuwa ka yi gum?"

"So nake in tabbatar tukuna."

"Ko dai so kake sunanka ya fito shi kaɗai?"

Ya miƙe ya koma teburinsa. Washegari suka tace tare, ran Litinin nata suka yi kore. Dogo ya yi ta barkwanci, ita kuwa ko murmushi, tana lissafin sauran abubuwan da ya ce mata ya gwada sun ƙi, ko su ma ɓoye mata ya yi. Da rana ta je wajen shugaban sashe ta nemi firjinta daban, mai makulli.