Inda Langa Ya Zauna

Karo na uku ke nan Langa, karen Vuyokazi, ya shinshina hular tsohon, ya bi ta tsakar gida, ya zagaya tankin ruwa, ya fito bakin titi ya zauna daram. Vuyokazi ta ja igiyarsa, ya ƙi tashi.

"Sisi, anya karen nan naki ya karya kuwa?" in ji Siseko. "Na gaya miki hanyar kogi ya bi. Da idona na ga bayansa."

Mahaifinsa ne ya ɓata, Tata Mdingi, wato Baba Mdingi, wanda shingen waya kaɗai ya raba gidansa da na su Vuyokazi. Shekara talatin ya yi yana aikin layin dogo. Yanzu tsufa ya cinye masa tunani, har yakan tambaye ta ko ita 'yar gidan wa ce, alhali shi ya koya mata hawan keke. Ita kuwa malamar firamare ce, shekararta huɗu a ƙungiyar sa-kai ta masu neman ɓatattu da karnuka. An koya mata cewa idan kare ya zauna a gefen titi ya ƙi gaba, to mutumin mota ya shiga. Ta faɗa wa Siseko haka. Ya ce wace mota, tsohon da ko tasi ya manta yadda ake tsayarwa? Tare suka tashi da Siseko, cocinsu ɗaya, yana ce mata Sisi, wato 'yar'uwa, tana ce masa Bhuti, wato ɗan'uwa. Ta yarda da shi.

Kwana biyu suka yi a bakin kogi cikin sanyin watan Yuni, lokacin hunturu a ƙasarsu. Karnuka uku, mutanen unguwa kusan arba'in, mata na kawo shayi da burodi. Siseko ne a gaba, yana kiran mahaifinsa har muryarsa ta dishe. Langa kuwa sai ja yake yi zai koma gida. A rana ta biyu haushi ya kwashe ta, ta zuba masa igiya a gadon baya a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. Shugabar ƙungiyar ta ja ta gefe, ta ce wataƙila karen na bukatar a sake masa horo.

Da safiyar rana ta uku tana ɗaure takalminta, Babalwa matar Siseko ta shigo kicin ɗinta ba gaisuwa, ta ɗora sanda a kan tebur. Sandar tsohon ce, wadda ko bayan gida ba ya zuwa sai da ita. A ƙarƙashin kujerar motar mijinta ta tsinto ta. Ta ce ta titsiye shi har ya faɗi gaskiya. Ranar asibiti ya ɗauki tsohon zai kai shi, sai ya biya gidan wata mata a sababbin gidajen bayan masana'antar bulo, ya bar shi a mota da niyyar minti goma. Bayan awa biyu ya fito, ya tarar da ƙofar motar a buɗe.

Nan take Vuyokazi da 'yan ƙungiyar suka ɗauki Langa a mota zuwa can, tafiyar kilomita goma sha biyar ce. Suna sauka Langa ya sa hanci a ƙasa, ya ratsa wani fili mai busasshiyar ciyawa, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Cikin minti ashirin ya kai su wani kwalbati a ƙarƙashin tsohon layin dogo. Tata Mdingi na kwance a gefensa, ya yi matashi da rigarsa, ya cire takalmansa ya jera su a kusa da kansa. Ma'aikacin motar asibitin da aka kira ya taɓa wuyansa, ya ce bai daɗe ba, da wuya idan ya wuce asubahin yau.

Siseko ya iso daga baya. Ya ce kullum da yamma yakan dawo nan shi kaɗai ya duba, ya zaci zai same shi ba tare da maganar ta fito ba.

"Kwana biyu yana nan da ransa, Bhuti," in ji Vuyokazi. "Mu muna can muna leƙa ruwa, kai kana gabanmu kana kiransa."

"Sisi, ki saurare ni."

"Ai na saurare ka."

Ranar Asabar aka binne Tata Mdingi. Siseko ya yi jawabi a cikin tanti, ya gode wa masu karnuka, ya ambaci sunan Vuyokazi. Babalwa na zaune cikin mata, ba ta ɗago kai ba. Da aka dawo daga maƙabarta, jama'a suka yi layi a bakin ƙofa suna wanke hannu a baho kafin a shiga cin abinci. Vuyokazi ta wanke nata. Siseko ya miƙo mata tawul, ta wuce shi, ta bi gefen shinge zuwa gidanta, ruwa na ɗiga daga yatsunta.