Akwatin Da Ba A Taɓawa

"Kada ki kuskura ki taɓa wanga hatimi!"

Alhaji Abdulgafar ne, incajin asibitinmu, ya shiga tsakanina da akwatin ƙarfen da ke kafe a bango, ya ware hannuwa kamar mai tare akuya a bakin rumbu. Ni kuwa ina riƙe da almakashi a dama, filash ɗin kwamfuta a hagu, gumi na bin bayana. Abin da nake so in yanke bai wuce wata 'yar takarda mai sheƙi ba, faɗin yatsu biyu, wadda ɗan kwangila ya manna a bakin akwatin ranar da aka kawo shi.

"Alhaji, minti goma kawai. In buɗe, in soka wannan, in maida in rufe."

"To, hatimin fa? Ke za ki maida shi? Manya na nan tafe daga Katsina duba kaya ƙarshen wata. In suka iske an ɓalle, mi zan ce masu?"

"Ka ce masu ƙofa ce ta lalace muka gyara."

"Wace ƙofa? Shafa'atu, ga abu shina aiki, ga 'yar fitilarshi koriya shar. Ke dai ba ki son zaman lafiya."

Ni ce mai ajiye bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti tsakanin Sheme da Mairuwa. Bara wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutoci uku, da sola, da wannan akwati. A cikinsa akwai na'urar da ake kira fayawol, wato mai gadin da ke tsaye tsakanin kwamfutocinmu da intanet, ya bar namu ya fita, ya hana baƙo shigowa. Manhajar da ke cikinta kyauta ce, wasu 'yan sa kai ne a ƙasashe masu nisa suke haɗa ta. Muttaka ɗan kwangila ya ɗauko ya ɗora, aka yanke zare, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Horon da ya ba mu kaf bai wuce jimla ɗaya ba: kada kowa ya taɓa.

Muka kuwa riƙe wannan jimla kamar karatun salla. Haka muke da kayan hukuma a nan. Ba don a yi aiki da su muke tattalinsu ba, sai don mai dubawa ya same su yadda ya bari. Akwai firjin rigakafi a ɗakin ajiya da har yau ba a cire masa leda ba.

Wata uku kafin ranar almakashin nan, wani siririn layi ruwan ɗorawa ya fito a kusurwar allona, ɗauke da haruffa da lambobi kamar lambar mota. Babu kalmar haɗari, babu ta gaggawa. Na danna, sai ga shafi zungurere na Turanci. Difloma gare ni, ina karanta Turanci, amma wannan ba na mutane ba ne, na masu abin ne suke yi wa junansu. Na yi wata biyu ina rufe layin nan kullum da safe kamar mai korar ƙuda.

Da abin ya ishe ni na kira Muttaka. Ya ce shi aikinsa ya ƙare ranar miƙa kaya, in ana son gyara sai a rubuta sabuwar kwangila. Sai na lalubo dandalin masu manhajar, na rubuta musu da ɗan Turancina. Washegari wata mata ta ba ni amsa a layi biyu: tsarin da ke kan na'urarku yana da kafa, duk wanda ya san ta zai shiga ba tare da kalmar sirri ba, ki sabunta yau. Ashe sun iya magana a fili! To me ya hana su rubuta haka tun farko a kan allon?

Sabis ɗin garinmu ko hoto da ƙyar yake buɗewa, balle ya sauke sabuntawa. Na shiga mota zuwa Ƙanƙara, a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a a bakinsa, na sauko da gyaran a filash a wani shagon kwamfuta. Saura kawai in soka a jikin na'urar, ita kuwa tana bayan hatimi.

"Alhaji, sunayen matan nan na ciki," na ce, na sassauta murya. "Ka san waɗanda nike nufi."

Ya kau da kai. Ba mugun mutum ba ne, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Shekararsa biyu ta rage ya yi ritaya, kuma ya taɓa ganin incajin da aka kora a kan janareton da ya buɗe ya gyara.

"Ki bari manya su zo su gani su tafi. Daga nan ki yanke duk abin da kike so. In kau kika taɓa kafin nan, wallahi da hannuna zan rubuta maki takardar tuhuma."

Na maida almakashi aljihun tebur. Wannan laifina ne, ba zan shafa wa kowa ba. Na ji tsoron takarda.

* * *

Matan da nake nufi su goma sha bakwai ne. Duk 'yan bindiga sun taɓa kwashe su, sun dawo da abin da ba su tafi da shi ba. Ta tara a jerin sunayensu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, Halimatu Sa'adiya.

A hanyar Sabuwa aka tare motarsu, suna dawowa daga suna. Kwana talatin da huɗu ta yi a daji. Bayan wata uku gwaji ya nuna ƙanjamau. Mijinta Sanusi, manomin masara ne da ba ya son yawan magana, shi ya kawo ta da kansa a kan babur. Ya saurari bayanin ƙwayoyin har ƙarshe, ya ce, "Ba ita ta kai kanta ba. Tsakanina da ita da Allah ne, ko Goggo ba za ta ji ba." Goggo ita ce mahaifiyarsa, a gida ɗaya suke.

Ranar da zan shigar da sunanta, Sa'adiya ta riƙe mini hannu.

"Yaya, ba ki iya rubutawa a littafi kawai, ki ɓoye?"

"Littafi ai kowa na iya buɗewa. Wannan kau akwai mai gadi."

Ta sake ni, na rubuta komai: sunanta, na mijinta, unguwa, ranar da aka sako ta, da maganin da take sha. Ta riƙa zuwa duk wata da sunan awon hawan jini, har kumatunta suka fara dawowa.

* * *

Saura kwana tara manya su zo, wata Laraba da hantsi, mai shara ta miƙo mini wayarta. Hoton shafina ne, nawa na kaina, har da kuskuren harafin da na yi a layi na huɗu. Sunaye goma sha bakwai, kowanne da cutarsa a gefe. A sama wani ya rubuta: a yi hattara da waɗannan.

Har yau ban san wanda ya shiga ba. Na dai san bai fasa ƙofa ba, bai hau katanga ba, ta kafar nan ya bi. Kafin azahar jerin ya zaga kowane zauren WhatsApp daga Faskari har Sabuwa. Masu turawa suna haɗawa da innalillahi, wai su tausayi suke ji. Babu wanda ya tura sunan ɗan bindiga ko guda.

Na ruga gidan Sanusi. A tsakar gida na tarar da Goggo ta ware kwano ɗaya da moɗa ɗaya ta ajiye can gindin zogale. Jikokinta biyu, 'ya'yan Sa'adiya, tana riƙe da su gam a jikinta.

"Goggo, ina wuni?"

"Da ban wuni ba kin gan ni? Ashe da ke aka haɗa baki, wata da watanni ina cin tuwon hannunta!"

"Goggo, ba a ɗauka ta tuwo. Wallahi ba a ɗauka."

"Ke likita ce? Ke ba marubuciya ba ce? Ai ga rubutun naki nan duniya na karantawa."

Sanusi ya fito daga ɗaki, ya je gindin zogalen ya ɗauki moɗar, ya ɗebi ruwa ya sha a gaban uwarsa. Goggo ta fashe da kuka. Na nufi ɗakin Sa'adiya, na yi sallama sau uku. Ina jin motsinta a bayan labule, amma ba ta amsa ba.

* * *

Manya suka zo a ranar da suka ce, mota biyu. Wani mai tumbi ya sunkuya ya duba hatimi, ya same shi lafiya, ya yi alama a takardarsa, ya yaba wa Alhaji da iya kula da kaya. Na ce ina da magana. Na faɗi komai. Ya saurare ni yana duba agogo, ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne, shi kaya ya zo ƙirgawa, in rubuto a takarda.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Alhaji ya ɗauko almakashin da kansa ya miƙo mini, idanunsa a ƙasa. Na yanke, na soka filash. Minti bakwai aikin ya ci.

Na sake rubuta wa matar dandalin abin da ya faru, ban tauna kalma ba. Na ce kun san gidanmu a buɗe yake, kuka sanar da mu da lambar mota. Ba ta yi musu ba. Ta ce su biyar ne, bayan sun tashi daga aikinsu suke yi, kuma ba su taɓa kawo asibiti irin namu a ransu ba. Bayan mako shida suka sauya tsarin. Yanzu gargaɗin ja ne, ya cika allo, ba ya rufuwa sai an karanta, kuma gyaran yana sauka kaɗan-kaɗan ko da sabis mai rauni ne. Suka roƙe ni in sa musu shi da Hausa. Na rubuta: ɓarawo zai iya shiga ya karanta sirrin mutanenku, ku sabunta yau. Na gode musu, amma ihu ne bayan hari. Su aƙalla sun ji kunya sun gyara. Namu kuwa, daga Muttaka har mai tumbi, ko a jikinsu.

A cikin matan goma sha bakwai, shida sun daina zuwa karɓar magani. An saki biyu. Ɗaya ta koma wurin danginta a Ƙanƙara, na ji an ce ta kwanta ciwo. Sa'adiya ma ranar karɓar maganinta ta zo ta wuce, na kira wayarta a kashe.

* * *

Wata Litinin da safe wata mata ta zauna a bencin gaban tebur ɗina, sanye da niƙabi da safar hannu, a garin da ba mu saba ganinsu ba. Na ce ta kawo katinta.

"Ba ni da kati. Sabuwar zuwa ce ni."

Muryar wadda na goya a bayana ce. Na ɗago, ta kafe idonta a bango.

"Sa'adiya..."

"Malama, magani na zo karɓa. In sai an sake gwaji, a sake."

Na daɗe ina kallon allon. Sannan na ce, "Suna?"

"Ummi."

"Ummi wa?"

"Ummi Nasir. Daga Sabuwa."

"Akwai wani ɗan'uwa da za a iya kira in wani abu ya taso?"

Ta gyara zaman safar hannunta.

"Babu."

Na rubuta yadda ta faɗa, na miƙa mata sabon kati. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Malama," ta wuce layin magani.