Muryar Aku a Tsohuwar Rediyo

Sunan da aka raɗa masa ranar suna ya daɗe da ɓacewa a layin masu gyara. Kowa Aku yake ce masa, har matarsa idan ya ishe ta, domin mutum ne da in ya buɗe baki da safe sai an rufe shago yake rufe shi. Shi da abokinsa Mai Rediyo sun ƙarar da ƙuruciyarsu a shago ɗaya, wani tsukukun ɗaki tsakanin tela da mai gyaran agogo, da teburi ɗaya, da benci ɗaya, da ƙarfen narka dalma ɗaya wanda ba ranar da ba sa faɗa a kansa. Mai Rediyo shi ne na rediyo da talabijin, Aku kuma na rakoda da kaset. Ɗaya ba ya magana sai dole, ɗaya ba ya shiru sai da abinci a baki, a haka suka zauna lafiya.

Daga baya sana'ar ta mutu a hannunsu a hankali. Mutane suka koma waya, abin da ya lalace a jefar a sayi sabo. Suka mayar wa mai gida mabuɗinsa, suka raba kayan aiki, kwalaye kuma Mai Rediyo ya kwashe ya jibge a ɗakin ajiya na gidansa. Ba a daɗe ba hawan jini ya kayar da Aku a bakin famfo yana alwala. Ya tashi da ɓarin dama a shanye, harshen ma ya tafi tare da shi.

Mai Rediyo ba ya fashin zuwa dubiya, amma ziyarar tana yi masa nauyi. Zai tarar da abokinsa a kujerar roba a baranda, an lulluɓe masa ƙafa, ido tar, hankali garau, baki kuwa ba ya fitar da komai sai wani gurnani. Hajiya, matar Aku, ta tsaya a kansa tana canki.

"Ruwa? A'a? Fanka? To banɗaki? Wallahi Alhaji ban gane ba."

Aku ya yi ta nuni da hannun hagu har ya gaji ya kawar da kai. Mai Rediyo kuwa, da bai taɓa koyon jan hira ba tunda akwai mai yi masa, sai ya zauna yana murza hula a gwiwa. Ya ce an yi zafi yau. Ya ce tela yana gaisuwa. Daga nan labarinsa ya ƙare.

Wata Asabar Auta, 'yar Mai Rediyo, ta zo gida. Ita ke koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Ta baje kayan ɗalibanta a teburin falo tana dubawa, shi kuma ƙamshin dalma ya jawo shi daga ɗaki. Ya ɗauki wani ɗan falle kore da bai wuce tafin hannunsa ba, ya juya shi gaba da baya.

"Wannan kuma cikin mene ne?"

"Ba cikin komai ba ne, Baba. Kwamfuta ce."

"Ina sauran?"

"Ita ke nan gaba ɗayanta."

Ya kalle ta ta saman tabarau. A zamaninsa abin da ya isa a kira na'ura sai mutum biyu sun kama. Auta ta yi dariya, ta ɗauko wani ɗan sikirin kamar rabin littafin aljihu, ta zura masa wata siririyar waya mai faɗi kamar kirtanin kaset, ta ɗora shi a kan fallen, ta jona wuta. Gilashin ya haska. Ta taɓa hoton ƙararrawa da yatsa, ƙaramar sifika ta yi ƙara.

"Duk hoton da na sa, da duk sautin da na haɗa masa, taɓawa kawai za a yi," in ji ta.

Ya daɗe yana kallon abin. Can ya ce, "Har magana?"

Auta ta ɗago, ta gane inda ya dosa. "Baffa Aku," ta ce a hankali.

A makon suka haɗa. Ta jera hotuna manya-manya a sikirin, kofi da gado da fanka da ƙofar banɗaki, ta ɗauki muryarta tana faɗin kowanne. Suka kai wa Aku da murnarsu, amma abin bai yi daɗi ba. Da farko sikirin ɗin ƙin jin yatsansa ya yi. Yatsun da suka sha ƙunar dalma tsawon rayuwa sun yi kanta, sun bushe kamar fatar ganga, ga rawar hannu. Ya dangwala, ya sake dangwalawa, shiru. Da ƙyar ya kama, sai ga muryar mace siririya, cikin ladabi: "Don Allah ina son ruwa."

Aku ya kalli abin, ya kalli Auta, ya kalli abokinsa. Ya sa bayan hannu ya ture shi gefe, ya juya fuska bango. Hajiya ta shiga ba da haƙuri. A mota idon Auta ya kawo ruwa.

"Ba ke ya ƙi ba," in ji mahaifinta. "Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen layi, ki ba shi 'don Allah'? Ni tunda nake da shi ban taɓa jin ya roƙi ruwa ba. Umarni yake bayarwa."

Yana faɗin haka ya tuna da kwalayen. Aku yana da wata ɗabi'a: duk rakodar da ya gyara, ba ya miƙa wa mai ita sai ya sa kaset ɗinsa na gwaji ya danna jan maɓalli ya yi magana, ya mayar baya ya saurara. Wani gwanin zai ce gwaji, gwaji, ya kashe. Aku kuwa mantawa yake ya danna, kaset ya yi ta juyawa yana kwasar duk abin da ake yi a shago. In ya cika ya jefa a kwali ya ɓare sabo.

Washegari da hantsi Mai Rediyo ya shiga ɗakin ajiya ya fito da kwalin, duk ƙura da kashin kyankyasai. Ya zaƙulo wata rakoda da mai ita bai taɓa dawowa karɓa ba, ya canza mata bel, ya goge kan da ke karanta kaset da auduga. Kaset na farko ya saki, ya sa biro ya naɗe shi. Ya danna.

Sai da aka ɗan yi shuu, sannan shagon ya dawo falonsa gaba ɗaya. Ga keken tela yana tatata ta bayan bango. Ga fankar nan tasu mai ƙugi. Ga wani yana cinikin batir a ƙofa. A saman duka kuma ga Aku, murya cike da ƙarfi, kamar yanzu zai leƙo daga cikin sifika.

"Gwaji, gwaji. Kai, wa ya ɗauke min sukudireba? Malam, kai nake tambaya, kar ka yi kamar ba ka ji ba!"

Sai wata murya can ƙasa-ƙasa, ta saurayi, ta ce, "Tana aljihunka."

Mai Rediyo bai gane muryarsa ba da farko. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta fito daga kicin da ludayi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan ai lokacin ina da cikin babban yaya ne. Ji yadda kake magana kamar mai jin tsoron a kama shi."

Suka yi makonni suna wannan aiki. Auta takan zo bayan an tashi makaranta, ta jona rakodar da kwamfutarta, su zauna suna saurare, duk inda Aku ya faɗi abin da zai yi amfani ta yanke ta ajiye. Aikin ba ya sauri, domin kowane kaset sai ya tsayar da su. Nan ga ranar da mai gyaran agogo ya shigo da gudu an haifa masa 'yan biyu, Aku yana ce masa ai sai ya koma gyaran agogon bango don na hannu ba zai ciyar da su ba. Nan ga gardamar ƙwallo da ta cinye fuska guda ta kaset. Nan ga wata ƙaramar yarinya tana waƙar makaranta a makirfo tana cin gyara, Aku yana yi mata amshi.

"Wace ce wannan?" in ji Auta.

"Ke ce mana. Ranar da kika haɗiye ɗan noti, Baffanki ya ɗauke ki a kafaɗa ya ruga asibiti ba takalmi."

Mutane da yawa a kaset ɗin sun riga mu gidan gaskiya. Mai Rediyo yakan tsayar da rakodar ya faɗi sunan mutum da sana'arsa, ya yi masa addu'a, sannan su ci gaba.

Abin da suka tara bai yi kama da jerin farko ba. Maimakon neman ruwa cikin ladabi, suka sami, "A ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe!" Na fanka, "Wai zafin nan ni kaɗai nake ji?" Suka sami "A'a, wallahi a'a," da "To, shi ke nan," da "Ina shayina?" da "Ƙarya kake yi!" da wata doguwar dariya mai ƙarewa da tari. Na banɗaki ne ya ba su wuya, sai can suka ji inda yake cewa, "Riƙe min nan, ina zuwa."

Matsalar yatsa kuma Auta ta warware ta da wani irin sikirin, tsohon yayi, mai ɗan laushi a sama. Shi ba ruwansa da laimar fata, dannawa yake so, ko da farce ko da tsinke. Ta rage hotunan, ta ƙara musu girma yadda rawar hannu ba za ta kai yatsa gidan maƙwabci ba. Mai Rediyo ya ƙi yarda a kai wa abokinsa abu tsirara da wayoyi a waje. Ya ɗauko gangar jikin wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, ya kwashe kayan cikinta, ya yanke wajen da allurar tasha take, sikirin ya zauna ɗas. Ya ɗaure 'yar kwamfutar a ciki, ya bar sifikar asali da maɓallin ƙara murya. Da ya zo wajen dalma, ɗigon ya fito sumul yana ƙyalli.

Da suka kai, Aku ya ga rediyo ce, bai ture ba. Ya shafa fatar, ya murɗa maɓallin kamar yadda hannu ya saba. Auta ta durƙusa gefensa.

"Baffa, danna nan. Da ƙarfi."

Ya sa farcen babban yatsa ya danna hoton kofi.

"Ina shayina?"

Hajiya tana tsakar gida tana shanya. "Ga shi nan zuwa, Alhaji, yanzu na ɗora," ta amsa, ba ta ko waiwayo ba. Sai da ta kai hannu ga wani zanen ta tsaya cak. Ta juyo, zanen ya faɗi ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu.

Aku ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, hawaye na bin ɓarin fuskar da ya shanye. Da ya zo kan dariyar ya danna ta ya sake dannawa, har kafaɗarsa ta fara girgiza, tasa dariyar ta yanzu ta biyo ta dā. Mai Rediyo ya gyara murya ya ce ai aikin ba wuya, cikin kwana biyu ya gama shi. Aku ya laluba, ya samu wanda yake nema.

"Ƙarya kake yi!"

Daga ranar ziyara ta daina nauyi. Mai Rediyo yakan zo da rakoda da kaset ɗaya, su saurara tare a baranda, Aku yana sa baki da akwatinsa. Jikoki suka gano abin, sai da aka riƙa ɗora shi saman kabad in ya yi barci.

Bayan wani lokaci Hajiya ta tare Auta da ƙorafi. Akwatin yana da umarni kala-kala, amma babu godiya a ciki ko ɗaya. Auta ta koma ta bi kaset ɗin kaf, ba ta sami inda Baffanta ya taɓa cewa ya gode ba. Dole mahaifinta ya karɓi makirfo ya faɗa da tasa muryar, aka sa a kusurwar ƙasa. Aku ya saurara sau ɗaya ya yamutsa fuska, ya yi watanni bai kusanci kusurwar ba.

Ran nan da la'asar Hajiya ta gama yanke masa farce, ta shafa masa mai a ƙafa, ta tattara kayanta za ta tashi. Mai Rediyo yana gefe yana naɗe kaset. Aku ya daɗe yana kallon sikirin, sannan ya kai yatsa kusurwar ya danna.

"Na gode," in ji muryar Mai Rediyo, a ɗarare kamar mai karanta sanarwa.

Hajiya ta dubi mijinta, ta dubi baƙon.

"To Alhaji," ta ce, "ka gaya wa abokinka ba komai."

Ta ɗauki kwanon ruwan ta shige ciki, suna jin ta tana dariya har kicin.