Kabarin da Bai Shiga Takarda Ba

Shekara biyu Larai da ƙanin marigayi mijinta, Barau, suna jan shari'a a kan gonar gado a wani ƙauye bayan Ƙanƙara. Da kowa ya gaji, dattawa suka zaunar da su aka yi sulhu: gabas ta Larai, yamma ta Barau. Aka kai wa alƙali ya sa hannu ya buga hatimi, sulhun ya zama hukuncin kotu.

To, a yamma, gindin wata ɗorawa, aka binne Mani, ɗanta na fari, shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane kaiwa maƙabarta. A zaman dattawa Barau ya dafa ƙirji ya ce garma ba za ta taɓa wurin ba. Amma ranar da aka karanta takardar a kotu, alƙali ya tambaya ko akwai abin da aka bari. Larai ta sunkuyar da kai. Ina mace mai kunya za ta buɗe baki gaban maza ta yi zancen ɗan fari? Ko yana da rai ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce babu komai, ta dangwala yatsa.

Barau kuwa, in ya yi alkawari da hantsi, kafin azahar ya manta. Damina ba ta zagayo ba ya sayar wa wani manomi ɗan garin Sabuwa da rabonsa.

Ranar da Larai ta ji an ga masu gawayi suna zagaya ɗorawar, ta hau acaɓa ta koma kotu da takardarta a ƙulle cikin leda. Wannan karon ta faɗi komai, har sunan ta kira.

Alƙali ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau.

"Inna, da iyaka ya ci miki ko taku ɗaya, yau zan sa a kawo shi, don wannan hukuncina ne. Amma kabari ba ya ciki. Abin da ban rubuta ba, ba ni da hurumin tilasta shi. Sai dai ki shigar da sabuwar ƙara, har da wanda ya saya."

"Allah gafarta Malam, kowa hwa ya sani. Garin duka sun sani."

"Na yarda. Me ya hana ki faɗa ranar?"

Ta naɗe takardarta ta mayar cikin leda. Abin da aka yabe ta da shi duk rayuwarta shi ya cuce ta, kuma wannan ya fi cin amanar Barau yi mata ciwo.

Kafin a sa ranar sabuwar ƙarar an sare ɗorawar, an tone kututturen, tarakta ta bi ta kai. Larai ta je da safe ta tarar da kunyoyi a jere, duk iri ɗaya. Ta yi gaba, ta dawo, ta ƙirga taku daga hanya, lissafin ya ɓace mata. Mai gonar ya hango tsohuwa tana tattaka masa shuka, ya matso ya gaishe ta, ya tambaya me ta yar.

"Yarona na nan," in ji ta. "Ban dai san wace kunya ba ce."