Mai Goron Da Za Ta Ɗauko Salamata

"To, ta tashi sama. Sai me ya faru?" in ji Baba Salifou, yana riƙe da takardar nesa da idonsa.

Ina tsaye a bakin zaure da kwanon kokon da na kawo masa. 'Yata Rahinatou ta sunkuyar da kai a cikin sauran yaran.

Baba Salifou maƙwabcinmu ne a Zangon Sokodé, katanga ɗaya ta raba mu. Ya daɗe yana yi wa kumandan, mai mulkin yanki, tafinta a garin Dapaong can arewa, har tari ya kama shi ya dawo gida. Ba mata, ba ɗa. Akwati ɗaya ya zo da shi, cike da tsofaffin takardu masu farin baya. A kansu yake sa yaran unguwa su rubuta labari bayan la'asar, wasu da ajami, wasu da boko. Sharaɗinsa shi ne kowa ya ƙago jaruminsa, mai ikon da ba a ba ɗan Adam ba. Na wani yaro Huseini mahauci ne mai ɗaga bijimin sa da yatsa ɗaya. Ta Rahinatou mai tallar goro ce, in ta buɗe mayafinta sai ya ɗauke ta sama.

Da damina ta yi tsakiya, ya daina iya fitowa zaure. Ya roƙi maigidana ya buga wa ƙanwarsa Salamata waya can Dapaong, ita kaɗai ta rage masa. Bayan kwana uku wani direba ya kawo labari cewa ta taso, amma kogi ya cika a garin Mango, motoci na jibge a bakin ruwa.

Na so in hana yaran zuwa, ya ƙi. Ranar Laraba suka zauna a ƙofar ɗakinsa, ya ce yau aikin ɗaya ne: kowa ya aiki jaruminsa ya ɗauko Salamata.

Rahinatou ce ta fara gamawa. Layi biyu ta rubuta: mai goro ta je, ta goyo ta, sun iso.

"Kin yi sauri, jikata," ya ce. "Me suka gani a hanya?"

"Baba, so nake ta zo da wuri."

Ya daɗe yana tari. Da ya lafa ya ce, "Na sani. Amma ni hanyar nake son in sake gani. Rubuta."

Ba ta taɓa wuce Aouda da ke nan kusa da mu ba, don haka ta yi ta tambayarsa, yana ba ta amsa da kalma ɗaya ko biyu. Jan ruwan kogi. Gonakin gero. Duwatsu bayan garin Kara. Ta rubuta cewa daga sama shanu kamar wake suke, kuma Salamata ta ji tsoro ta ƙanƙame mai goro har goron ya zube a kogi. Ya yi dariya mara sauti, ya ce ta sake karanta wurin. A ina suka sauka, ya tambaya. Ta ce a nan tsakar gida, kusa da rijiya. Ya gyaɗa kai, ya ce ya yi.

Washegari da hantsi ya cika, ina shafa masa ruwa a leɓe. Aka yi jana'iza bayan azahar.

Salamata ta iso ranar Asabar a bayan motar auduga. Tun daga bakin titi ta ga tabarmi a ƙofar gida, ba ta tambayi kowa komai ba. Na kai ta ɗakin. Ta ce, "Ya neme ni?" Na ce ƙwarai, har ya sa an ɗauko ta a takarda. Ba ta gane ba.

Ta zauna a dokin ƙofa ta cire takalmanta. Butarsa na nan inda ya bar ta. Ta girgiza ta, ta ji da sauran ruwa, ta shiga wanke lakar hanya daga ƙafafunta a hankali.