Kamaro Ba Inji

Ranar da aka sauke motar Muntaka a ƙofar gidansu da ke unguwar Karantina a Jidda, kusan duk lungun sai da ya fito kallo. Kamaro ce ƙirar Amurka ta 1970, mai ƙofa biyu da dogon hanci. Ya tsinto ta ne a tashlihi, filin da ake jibge matattun motoci a bayan garin Jidda. An ce a da ja ce. Yanzu kam rana da iskar teku sun cinye fentin, tsatsa ta kama gindin ƙofofin, ciki kuwa sai warin kyanwa. Amma Muntaka na tsaye yana shafa ta yana murmushi, ka rantse yau ta fito daga kamfani.

Shi fa ba makanike ba ne. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito na tashar jiragen ruwa, ko filogi bai taɓa kwancewa ba. Tun yana ƙarami dai yake jin rurin irin waɗannan motoci a titin bakin teku, ya ƙudura a ransa wata rana sai ya tayar da tasa da hannunsa.

Maƙwabta suka yi ta "mabruk" da "Allah ya tsare". A Karantina kuwa mota ba ta mai ita kaɗai ba ce. Kafin la'asar har an gama yi mata kamu: wannan za a kai shi asibiti, wancan yana da baƙi a filin jirgi, wata kuma ta ce da ita za a ɗauki amaryar gidansu. Muntaka sai "in sha Allahu" yake rabawa, ga tayoyin duk a kwance.

Can aka fito da kakarsa Hajiya Fatu a kan kujera, don ƙafa ta daɗe da ƙi mata. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma wasan jika da kaka bai taɓa yankewa a tsakaninsu ba. Ta ƙare wa motar kallo, ta gyara mayafi.

"Yau na san na yi dacen miji," in ji ta. "Maigida, yaushe za a fita da ni?"

"Ya Sitti, ke ce ta farko," Muntaka ya ce cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci, don da Sitti yake kiran kakar tasa. "Juma'a mai zuwa, halas."

Aka yi dariya. Shi a wurinsa wasan da suka saba ne.

Sai ga Jabiru mai shayin bakin lungu da shawara. Jabiru ya taɓa yin yaron mota a hanyar Kano zuwa Damagaram kafin ya zo umra ya zauna, don haka yana ganin duk abin da ke da taya a tafin hannunsa yake.

"Tsohuwar mota ba a lallaɓa ta," ya ce. "Kwance ta kaf, ka wanke komai da fetur, sannan ka mayar. Very simple."

Muntaka ya ɗauka da zafinsa. Ya cire kujeru, ya cire tayoyi, ya zare lagireto, ya gayyato abokan aikinsa suka sa sarƙa suka tsamo injin, suka ajiye a tsakar gida aka rufe da tabarma. Notuna da kusoshi kuwa ya tara su gaba ɗaya a gwangwanayen madara, manya da ƙanana, ba wanda ya san daga ina kowanne ya fito. Sai da aikin gama ya gama wani tsohon direba ya leƙo ya tambaye shi ko ya fara sa batir ya ji ciwon motar kafin ya farke ta. Nan take Jabiru ya tuna ya bar ruwa a kan wuta.

Ranar Laraba ya dawo daga aiki ya tarar gidan ya turnuƙe da turaren wuta. An ɗauko wa Hajiya Fatu lafayarta ta ƙasan akwati ana turara ta. Da ya tambaya, ta ce ai Hajiya Rabi'a za ta koma gida ranar Asabar, komawa ta har abada, 'ya'yanta sun aiko mata daga Najeriya. Rabi'a ita ce aminiyarta. Jirgin ruwa ɗaya ya sauke su daga Sudan suna da ƙuruciyarsu, tare suka yi tallan gyaɗa, tare suka yi takaba. Gidanta na can ɗaya gefen unguwar, amma ciwon ƙafar wannan da raunin idon waccan sun hana su ganin juna tun bara.

"Na aika mata ranar Juma'a zan zo sallama," ta ce. "A motar maigidana."

Muntaka ya dubi tabarmar da aka rufe injin da ita. Ya ce zai ɗauko mata tasi mai sanyi har ƙofar gida.

"Tasi na ce mata? Tun da muke da Rabi'a ban taɓa faɗa mata magana ta tashi ba. Ba zan fara a ta ƙarshe ba."

Ranar Alhamis ya yini a gaban gwangwanayen nan yana gwada noti yana ajiyewa. Injin ko motsi. Kunya ta ishe shi, ga tausayin tsohuwar da bai taɓa neman abu a wurinta ya rasa ba. Da yamma ya durƙusa kusa da kujerarta.

"Sitti, ki yi haƙuri. Motar nan ba inji. Ga shi can a ƙarƙashin tabarma."

"Na sani mana, ba a kansa nake shanya kuɓewata ba?" Ta harare shi. "Ni inji na ce zan shiga?"

Muntaka ya tashi ya nufi teburin Jabiru.

Da safiyar Juma'a aka mayar da tayoyi aka ba su iska, aka ɗaura kujerun gaba biyu, aka wanke Kamaro tas, aka shimfiɗa darduma a wurin zaman Hajiya. Ana sakkowa daga masallaci Jabiru ya tare ƙofar lungu, ya ce duk wanda ya san ya yi kamun motar nan, to ya zo ya fara sa mata albarka da kafaɗarsa. Mai asibiti ya zo, mai baƙin filin jirgi ya zo, gidan amarya suka turo ƙarti biyu.

Aka ɗauko Hajiya Fatu aka zaunar da ita, ƙamshi ya kori warin kyanwa. Muntaka ya kama sitiyari, hannu ɗaya a kan burkin hannu. Jabiru ya ce, "Yalla, a tura," mota ta gangara. Hajiya ta ɗora gwiwar hannu a taga tana amsa gaisuwar mata ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya ba ta waiwayi masu haki a baya ba.

Hajiya Rabi'a na zaune a ƙofar gida tun azahar. Ta taso tana laluben hanya, ta dafa hancin motar.

"Ikon Allah. Ban ji zuwanku ba, kuma ko ɗumi ba ta yi ba."

"Haka motocin manya suke," in ji Hajiya Fatu.

Da yake saukar da Hajiya Fatu wahala ne, Muntaka ya fito ya ba Hajiya Rabi'a kujerarsa. Tsofaffin suka riƙe hannun juna, wannan ta ce ki yafe mini, waccan ta ce ni ce zan nemi yafiya, suka yi kukansu ba mai hana su. Mazan suka juya baya suna share gumi, wasu ba gumin kaɗai suke sharewa ba.

Can Hajiya Rabi'a ta shafa sitiyarin da ke gabanta.

"Fatu, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama a wannan gefen ba."

"To ja mu mana. Maigida, a zaga da mu."

Muntaka ya dubi Jabiru, Jabiru ya dubi jama'a, kowa ya koma ya dafa inda ya saki. Muntaka ya zura hannu ta taga ya riƙe gefen sitiyari, yana tafiya a ƙasa a hankali, Hajiya Rabi'a na murza nata gefen yadda ta ga dama. A ciki suna ta hirar jirgin da ya kawo su, da yadda amai ya kusa kashe Fatu, da sunayen matan da suka sauka tare waɗanda yanzu duk babu su, suna dariya suna sharar hawaye. Ba abin da ke tashi sai ƙarar taya a kan tsakuwa, don haka kowace kalma tana shiga kunnen Muntaka. Shi da ya girma yana mafarkin rurin motar nan, ranar sai ya ji yana gode wa Allah da ba ta da inji.