Gonar Yaya Arlen Ta Faɗo Hannuna

Ranar da muka binne Yaya Arlen, ko kofi ba mu gama sha a zauren coci ba, surukina Dwight ya buɗe baki. Shi dai Dwight komai ya sani, har abin da ba a tambaye shi ba.

"Kun manta Doreen ba 'yar ƙasa ba ce? 'Yar ƙasa ce ke gadon mijinta ba haraji. Ita kuwa sai an sayar da yankin gonar kafin gwamnati ta ƙoshi."

Gaskiya mun manta. Daga Kanada yayana ya auro ta, tafiyar rabin awa daga gonarmu ta Dakota ta Arewa a nan Amurka, shekara arba'in da uku ke nan. Takardar zama kawai take riƙe da ita, wai ta yi wa babanta alkawarin ba za ta sake ƙasa ba. Ni da ita ba ma ga maciji tun ranar biki, amma ranar nan sai na tausaya mata. Kakanmu ne ya fara noma alkama a gonar nan, kuma Doreen ba ta da wani gida a duniya sai shi.

Kwana tara muka yi cikin zullumi kafin lauyan yayana, Mista Haugen, ya kira mu ofishinsa mu biyu. Doreen ta zauna can gefe, jaka a cinya, kamar mai jiran allura.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Shekara shida da suka wuce Arlen ya sa gonar cikin amana, wato a doka wani ne zai riƙe ta a madadin matarsa. Doreen, gida naki ne ki zauna, amfanin gona naki ne ki ci har ƙarshen ranki. Muddin gonar tana cikin amanar, harajin zai jira."

Ajiyar zuciyar da na yi har kunya ta ba ni.

"Sharaɗi ɗaya ne. Mai riƙon amanar dole ya zama ɗan ƙasa. Sunan ƙanwarsa Marlys, ga ta nan zaune, ya rubuta. In ta ƙi, sai banki."

Doreen ta juyo ta dube ni, ta koma ta dubi lauya. "Duk mutanen garin nan ya rasa wanda zai rubuta sai Marlys?"

"Ni ma abin da nake shirin tambaya ke nan, matar Yaya."

Mista Haugen ya gyara tabarau. "Na tambaye shi. Ya ce ku biyun ba ku taɓa shirya baki a kan komai ba, don haka ba za ku shirya a sayar da gonarsa ba. Ya kuma ce Marlys ba za ta bari kowa ya taɓa ki ba, don ta ɗauka ita kaɗai ke da izinin yi miki faɗa."

Haushi ya kama ni, saboda gaskiya ya faɗa, ga shi ba ya nan balle in musa. Na fizgi biro na sa hannu duk inda aka nuna mini.

A bakin mota Doreen ta tsaya tana laluben makulli.

"Na riga na ɗaure kayana," ta ce a hankali. "Kwali goma sha ɗaya."

"Wa ya aike ki? Sai mu je mu kwance."

Ta miƙo mini makullin, ta ce idonta ba ya ganin hanya. Ni na tuƙa ta gida.